Ga Ɗakin Tiyata, Ina Likita?

Yau mun ɗan ajiye zancen kwalliya da girki a gefe. Wata magana ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kullum na ɗauki biro sai in ajiye, don tana fama mini tsohon miki. Sai da na nemi izinin mai labarin, ta ce in rubuta, muddin ba zan ambaci sunanta ko sunan garinmu ba.

'Yar kawuna ce. Tare muka tashi a ɗakin kakarmu, tabarma ɗaya muke kwana, na girme ta da shekara 3. Ni aka bar ni na tafi birni karatu, ita kuwa tana shekara 17 aka ɗaura mata aure da wani saurayi mai gyaran babur a bakin tasha. Auren soyayya ne, ba wanda ya tilasta ta, ni ce ma 'yar aiken wasiƙunsu. Shekara na zagayowa Allah Ya ba ta ciki, hutuna kuma ya zo daidai da watan haihuwarta.

Naƙuda ta taso mata ranar Talata da asuba. Ta wuni, ta kwana, ta sake wuni, ana ta ba ta jiƙe-jiƙe da rubutu, tsofaffi na cewa haihuwar fari ce, dama haka take, a yi haƙuri. Sai bayan sallar isha'i ranar Laraba ungozomar unguwa ta fito tana share gumi, ta ce da kawu, "Malam, wannan fa ta fi ƙarfina, ku kai ta asibiti." Ai kuwa ba shiri aka kinkime ta.

Ku gane, ba wai garinmu ba shi da asibiti ba ne. Babban asibitin ƙaramar hukuma ne guda, shekara 2 kafin nan aka yi bikin buɗe masa sabon ɗakin tiyata, da makaɗa da maroƙa da manyan baƙi, aka yanka ƙyalle aka yi hotuna. Nas ɗin da muka tarar a aikin dare, Allah Ya saka mata da alheri, ta duba ta da tocila, ta ɗago ta ce kan yaron ya maƙale, ƙugun uwar ya yi masa kaɗan, sai an yi aiki an ciro shi.

Mijin ya ce, "To Anti, a yi mana, ko nawa ne zan nemo."

Ba ta ce komai ba, sai ta haska tocilar can ƙarshen baranda. Ga ƙofar ɗakin tiyata da fentinta sabo fil, ga wani ƙaton kwaɗo a rataye. Ta ce, "Likitanmu ya ajiye aiki wata 3 ke nan. Ɗan bautar ƙasan da ya rage, shi ma ya gama ya tafi."

Ta sa mata ƙarin ruwa, ta rubuta mana takarda zuwa birni. Motar asibiti na nan a kan duwatsu ba taya. Muka samu direban da zai ɗauke mu shata, shi kuma ya ce wallahi ba zai hau hanyar nan cikin dare ba saboda 'yan fashi, sai an yi asuba. Haka na kwana riƙe da hannunta, tun tana kiran sunana har ta daina. Tafiyar awa 3 ce, da hantsi muka isa. Aikin da aka yi mata bai kai awa ɗaya ba. Aka ciro yaro namiji, ƙato, ba rai.

Muna cikin yi wa Allah godiya da ita ta tsira, kwana 5 da aiki sai shimfiɗarta ta fara jiƙewa. A canza zani, a sake canzawa. Ta ce, "Yaya, ni fa ban san yana fita ba." Yoyon fitsari ke nan.

Bari in ɗan tsaya a nan, don akwai camfe-camfe da yawa a kan wannan lalura. In kan jariri ya daɗe a maƙale, yana danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa ne a jikin ƙashin ƙugu. Jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar ƙofa, fitsari ya riƙa bi ta nan dare da rana. Ba sammu a ciki, ba aljani, ba alhakin kowa. Tsawon lokacin da kan ya ɗauka a wurin shi ne ke yin ɓarnar. Kwana 2 da muka ɓata a gida laifinmu ne, na yarda. Amma awannin da suka bi bayan isha'in nan, kwaɗon ƙofar can ne ya cinye su.

Mijin nata kuwa, Allah Sarki. Mahaifiyarsa ta fara zancen ya ƙaro aure, 'yan uwansa mata suka daina cin abincin da ta taɓa. Shi ko da daddare yake wanke zannuwanta da hannunsa, ya shanya su kafin asuba don kada maƙwabta su gani. Ya sayar da babur ɗinsa ya kai ta ɗaya daga cikin cibiyoyin da ake ɗinke masu wannan lalura, irin su ta Babbar Ruga a Katsina da ta Laure a asibitin Murtala na Kano. Aka yi mata aiki, aka dace. Duk jaruman littattafan soyayyar da na karanta, ban ga wanda ya kama ƙafarsa ba.

Ni dai na fito daga wannan lamari da haushin mutum ɗaya a zuciyata, wato likitan da ya gudu ya bar mu. Ban taɓa ganinsa ba, amma na yi masa Allah Ya isa ya fi a ƙirga.

Ana nan, bayan kamar shekara 2, na je sunan wata ƙawata da muka yi sakandare tare. Likita take aure a Kano. Da yamma baƙi sun watse, muna zaune a falo ana hira, sai zance ya biyo ta kan asibitocin karkara, ni kuma na saki baki na zazzage duk abin da ke cikina. Ban ankara ba ashe maigidan shi ma ya yi shekara 2 a irin wannan asibiti a wata jiha, kuma shi ma ajiye aikin ya yi ya taho. Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Bai yi fushi ba. Ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Malama, kin taɓa leƙa ɗakin tiyata ana aiki?" Na ce a'a Dokta.

Ya ce kafin ya ɗora wuƙa a cikin mace, yana buƙatar wanda zai yi mata allurar kashe jiki ko ta barci, ya zauna a kanta yana lura da numfashinta. Yana buƙatar nas mai miƙa kayan aiki, da wadda za ta karɓi jariri, da kayan da aka dafa aka kashe musu ƙwayoyin cuta, da jini aƙalla leda ɗaya a ajiye, da wutar da ba za ta ɗauke ba. A asibitin da ya zauna, nas ɗaya ne tak ya iya allurar barci, ran da ya yi tafiya an rufe tiyata ke nan. Firjin ajiye jini ya lalace tun kafin zuwansa. Man janareta dangin marar lafiya ke saye, in ba su da kuɗi a haska masa da tocilar waya ya yi ɗinki. Shi kaɗai ne likita a ƙaramar hukumar, don haka ba shi da ranar hutu, ba Juma'a ba Sallah. Da rana ya ga layin marasa lafiya, da dare a buga masa ƙofa.

Ya ce, "Ran da na yanke shawarar tafiya, wata mata aka kawo mini mahaifarta ta fashe. Na san aikin, da hannuna zan iya ceton ta. Jini na nema, maza 6 suka rako ta, kowa ya ce shi ba shi da isasshe. Ta mutu a kan tebur. Da na fito na faɗa musu, sai suka ce ni na kashe ta, har da masu ɗaukar duwatsu."

Na yi tsit. Ya ci gaba da cewa ko da an gyara duk waɗannan, akwai abin da zai janye ƙaramin likita zuwa birni ko yana so ko ba ya so. Wanda ya gama jami'a likita ne na gama-gari. Kafin ya zama ƙwararren likitan fiɗa ko na mata, sai ya yi horon ƙwarewa na shekara 5 zuwa 6 a ƙarƙashin manya, yana rubuta jarrabawar kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Wannan horo kuwa a asibitocin da aka amince wa ake yin sa, galibi na koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya da na Sakkwato da na Maiduguri. Duk shekarar da ya ƙara a ƙauye, sa'o'insa na can suna wuce shi. Ga kuma zancen albashi, asibitin gwamnatin tarayya ya fi na jihohi da dama biya, na ƙasar waje kuma ya fi na tarayya nesa ba kusa ba. Sai abin ya zama kamar tsani. Na ƙauye na hangen babban birnin jiha, na jiha na hangen tarayya, na tarayya na hangen Saudiyya da Ingila. Matakin ƙasa shi ake bari wayam, a nan kuma mu talakawa muke haihuwa.

Sai ga ƙawata, mai jego, ta ɗago daga shayar da jaririnta ta ce, "Ke ƙawata, kada ya rufa mini asiri. Ni ma da hannuna a tafiyar."

Ta ce da aka kai ta garin tana amarya, gidan likita rufinsa yoyo yake, ruwa sai an saya a wurin 'yan garuwa. Ba ta san kowa ba, matan gari na ganin ta 'yar birni mai girman kai, ita kuma tana ganin su 'yan ƙauye. Mijin da ta aura ba ta ganin sa sai ya shigo a gajiye da ƙarnin jini, kafin ya gama cin tuwo an sake kiran sa. Ta yi digiri amma ba inda za ta yi aiki da shi. Da ta haifi ɗan fari ta fara tunanin makarantar da za a sa shi, daga nan ta tasa shi gaba da kuka da mita har ya nemi aiki a Kano.

To 'yan mata, ku da kuke karanta littafi kuna ganin Dokta wane ya fito daga tsaleliyar mota da farar riga kuna cewa Allah Ya ba ku irinsa, ga ɗaya fuskar. Ban ga laifinta ba, wallahi ko ni ce ban san me zan yi ba. Amma daga ranar na gane cewa duk hukumar da ta ɗauki likita aiki ba ta yi tunanin matarsa da 'ya'yansa ba, aro ta karɓo, mai abu zai zo ya karɓi abinsa.

Wannan ciwo ya girme mu. Tun bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, lokacin mulkin Janar Babangida, da darajar naira ta zube, manyan likitocin asibitocin koyarwa suka fara kwarara Saudiyya. Yanzu abin ya samu suna, 'yan Kudu na kiran sa japa. A watan Maris na 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitocin da ke da lasisin aiki a Najeriya kimanin 55,000 ne, kuma tsakanin 15,000 zuwa 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara 5. Ku raba 55,000 ga mutum sama da miliyan 200, sannan ku tuna kaso mai tsoka na cikinsu na zaune a Legas da Abuja da sauran manyan birane. Wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya fitar da rahoto a 2015, ya ce ana so kowane mutum 100,000 su samu aƙalla ƙwararru 20, idan aka haɗa likitocin fiɗa da na mata da na sa barci. Ƙaramar hukumarmu ta haura wannan adadi na jama'a, a daren nan kuwa ko ɗaya ba mu da shi.

An gwada tsare su da ƙarfi. A watan Afrilun 2023 wani ƙuduri ya tsallake karatu na biyu a majalisar wakilai, wanda zai hana likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aiki na shekara 5. Likitoci suka yi masa ca, har majalisar ta tashi bai zama doka ba. Ni a ganina ko da ya zama, wanda aka ɗaure da igiya ƙirga kwanaki zai riƙa yi. Kuma yaya za a ce wa mutum zauna alhali ransa ma ba a tsare ba? A ƙarshen Disambar 2023 'yan bindiga suka shiga har gidajen ma'aikatan wani asibiti a Kaduna suka ɗauke wata likita, mace 'yar uwarmu. Abokan aikinta suka yi yajin aikin gargaɗi na kwana 7 a watan Agustan 2024, ita kuwa sai da ta yi wata 10 a hannunsu kafin ta dawo. A Kaduna fa, ba a ƙauye ba.

Duk da haka akwai waɗanda suka zo suka zauna, kuma su na fi son in ba ku labari. A 1983 wani likita ɗan ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya zo Babbar Ruga don aikin kuturta, don a lokacin asibitin na kutare ne. Sai ya yi ta cin karo da mata masu yoyon fitsari da ba mai kula su. Ya fara ɗinke su, abu kamar wasa ya zama aikin rayuwarsa. Ya shafe sama da shekara 30 yana zagaya cibiyoyi a Arewa har da Jamhuriyar Nijar, ya yi wa dubban mata aiki, ya koyar da likitoci da nas-nas masu yawa. Yau Babbar Ruga cibiya ce ta gwamnatin tarayya ta masu wannan lalura, kamar ta Ningi a jihar Bauchi da ta Abakaliki a Kudu.

A can ƙasar Habasha ma an yi irinsa. Wasu ma'aurata likitoci, Reginald da Catherine Hamlin, sun je Addis Ababa a 1959 a kan kwantiragin shekara 3. Suka buɗe asibitin masu yoyon fitsari a 1974. Mijin ya rasu a 1993, matar ta ci gaba har ta rasu a can a 2020 tana da shekara 96. Amma wadda ta fi taɓa mini zuciya a labarinsu ita ce Mamitu Gashe. Yarinya ce 'yar ƙauye da aka kawo musu a 1962 tana kimanin shekara 16, bayan doguwar naƙuda, jariri ya mutu, ga yoyo, daidai irin na 'yar uwata. Ba ta taɓa shiga aji ba. Bayan an yi mata magani sai ta zauna tana gyara gadaje, daga nan ta fara shiga ɗakin tiyata tana miƙa kaya, tana kallo, har aka fara ba ta allura ta ɗinke. Ta zama gwana a aikin, har likitoci masu digiri daga ƙasashe daban-daban ke zuwa koyo a hannunta.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba za mu zauna jiran Allah Ya jefo wa kowane gari irin Dokta Kees ba. Irinsu ɗaya ne cikin dubu. Tambayar ita ce, a cikin mutane irina da irinku, masu son iyali da son ci gaba, wa ya fi yiwuwa ya zauna? Masana sun bincika. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari a 2010, ta sabunta su a 2021, kuma ɗaya daga cikin mafi ƙarfinsu ita ce a ɗauko ɗalibai daga karkarar a koya musu aikin lafiya, domin su ne suka fi komawa su zauna. A ƙasar Mozambik, da likitoci suka yi ƙaranci bayan samun 'yanci a 1975, sai a 1984 aka fara koya wa wasu ma'aikatan lafiya aikin tiyata na musamman. Da aka bi sawu, sai aka tarar bayan shekara 7 kusan 9 cikin 10 na waɗannan suna nan a asibitocin gundumomi, likitoci masu digiri da aka tura kuwa sun watse. Su ma mutanen Hamlin da suka buɗe kwalejin ungozoma a 2007, 'yan matan karkara suke ɗauka, in sun gama a mayar da su yankunansu.

Dalilin a fili yake. Duk abin da ya kori ƙawata, 'yar gari ba ta da shi. Tana da uwa da za ta riƙe mata yaro in an kira ta cikin dare. Ta san wanda za ta aika wa ya zo ya ba da jini, kuma in ta ce wa kawunta ya miƙo hannu ba zai ce ba shi da isasshe ba. Mazan da ke ƙin kai matansu asibiti don kada namiji ya duba su, bakinsu ya mutu. Su ma tsofaffin da suka riƙe 'yar uwata kwana 2 a ɗaki, da jikarsu ce ke asibitin, na tabbata tun ranar Talata za su aika a kira ta.

Shi ya sa nake magana da ku, ƙannena. Hanyar tana da tsawo, ba zan ɓoye muku ba. Tun daga aji 4 na sakandare za ki zaɓi ajin kimiyya. Sai kin samu kiredit a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, a JAMB kuma ki rubuta Turanci da waɗannan ukun na kimiyya, ki ci maki mai yawa don ana rububin gurbin. Jami'a shekara 6 ce in ba yajin aiki, a Zariya ko Bayero ko Sakkwato ko Maiduguri da sauransu. Sai shekara ɗaya ta koyon aiki a asibiti, sai ɗaya ta bautar ƙasa. Wadda ta shiga tana 18 za ta fito cikakkiyar likita wajen 26, in tana son ƙwarewa ta ƙara waccan 5 ko 6 ɗin. Wasu jihohi na ɗaukar nauyin karatun, a bisa yarjejeniyar ki dawo ki yi musu aiki na wasu shekaru, sai ku sa iyayenku su riƙa bincikawa a hukumar ba da tallafin karatu ta jiharku. Wadda kuma ta ga wannan ya yi mata nisa, ta tuna abin da mijin ƙawata ya ce, rashin nas ɗaya mai allurar barci na rufe ɗakin tiyata. Bayan makarantar nas ana yin ƙarin kwas a kan sa barci ko aikin ɗakin tiyata, kuma masu shi ba su da yawa.

Na san abin da ke ranku, to aure fa? Ba wata dokar da ta hana ɗalibar likitanci aure, da yawa da goyonsu suke gamawa. Inda gizo ke saƙa shi ne, a al'adarmu mace ke bin miji. Gari ya ɗora buri a kan 'yarsa shekara 8, rana ɗaya wani ya zo daga Abuja da lefe akwati 12 ya ɗauke ta, shi ke nan an koma gidan jiya. Saboda haka wannan magana tun a zaure ake yin ta, lokacin da yake rantsuwa ba zai iya rayuwa ba sai da ke. Ki tambaye shi, zai yarda a buga ƙofa ƙarfe 2 na dare ki fita? Zai yarda ku zauna inda aikinki yake, ko da na wasu shekaru ne? In ya amsa, a sa waliyyai su ji da kunnensu kafin a shafa fatiha. Wanda ya fara kame-kame tun yana saurayi, kin ga amsarki.

Ba kuma na ce 'yar gari waliyyiya ce ba. In aka bar ta ba wuta ba jini ba albashi a kan lokaci, ita ma wata rana za ta haɗa kayanta, kuma ba zan sake yi wa kowa Allah Ya isa ba. Gyaran firji da rufin kwatas da biyan haƙƙi yana wuyan hukuma. Jinin da za a bayar da mutuncin da za a ba baƙon likita da iyalinsa kuwa, wannan yana wuyanmu mu mutanen gari. Sau nawa matan unguwarmu suka leƙa gidan likitan can da ya tafi, ko da da ƙwaryar fura ce?

Ita dai 'yar uwata, da aka sallame ta daga cibiyar an ja mata kunne cewa in ta sake samun ciki kada ta kuskura ta yi naƙuda a gida, aiki za a yi mata, in ba haka ba ɗinkin na iya warwarewa. Bayan shekara 3 Allah Ya sake ba ta. Cikin na shiga wata 8 mijin ya rufe shago ya kawo ta birni wurina, ya ce shi ba zai sake tsayawa gaban ƙofar nan ba. Aka sa mata rana, aka shiga da ita da safe, kafin azahar ina riƙe da 'ya mace mai kama da ubanta sak.

Ranar suna ƙanwarta ta zo daga gida, yarinya 'yar shekara 15 wadda a daren can ita aka bari tana gadin takalmanmu a barandar asibiti. Ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, na shiga ajin kimiyya, mu 4 ne mata. Amma malamin Fiziks ɗinmu ɗan bautar ƙasa ne, wata mai zuwa zai tafi. Ko za ki samo mini littafin a nan birni?" Washegari na kai ta kasuwar Sabon Gari muka sayo, har da na Kemistiri.